Kyamarar Baƙo a Ƙasar Gero: Cadakori da Hoton Aikin Agaji

Aikin agaji na wannan zamani ba kasafai yake motsawa ba sai kyamara ta riga shi isa inda masifa ta sauka, kuma yawan kuɗin da ake tarawa ya fi bin ƙarfin hoton da aka nuna a talabijin fiye da yawan mutanen da ke cikin ƙunci. Lokacin da igiyar ruwan tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ta ƙarƙashin ruwa ke haddasawa, ta afka wa lardin Aceh na tsibirin Sumatra da sauran gaɓar Tekun Indiya a ranar 26 ga Disamban 2004, masu ɗaukar hoto daga ko'ina cikin duniya sun kama masauki a can cikin 'yan kwanaki, kuma alƙawuran taimakon da suka biyo baya sun haura dala biliyan 13. Haka aka sake gani a Haiti bayan girgizar ƙasa ta Janairun 2010. A daidai watannin da idon duniya ya koma kan ƙasashen tsunami a farkon 2005, rumbunan gero suna ƙarewa a ƙauyukan jihar Maraɗi ta Nijar, daga Cadakori da Tsibirin Gobir a gundumar Gidan Rumji har zuwa Agiye da Gazawa, amma babu wanda ya ɗauko kyamara, domin yunwa ba ta rushe gini, ba ta kuma da rana guda da za a ce a ita ta auku.

Abin da ya faru a wannan shekara ya isa ya zama ma'aunin duk wata muhawara a kan ɗaukar hoton aikin agaji a ƙasar Hausa. Damina ta ɗauke da wuri a 2004, farar ɗango kuma ta cinye makiyaya da wasu gonaki a arewacin yankin noma, gwamnatin Nijar ta ƙiyasta giɓin hatsi da ya kai kusan tan 223,000, ta kuma ce mutum miliyan 3.6 na iya shiga matsala. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da aka zuba wa ƙasashen tsunami, duk da haka masu bayarwa suka yi biris. A farkon Yuli aka yi shagalin kiɗa na Live 8 da taron manyan ƙasashe takwas a Gleneagles da sunan ceto Afirka daga talauci, kuma sunan Nijar bai samu wani gurbi na kirki a can ba. Sai a tsakiyar watan, bayan da wakiliyar BBC Hilary Andersson ta aika da hotunan yaran da ke kwance a cibiyar kula da tamowa ta Maraɗi, aka ga jirage sun fara sauka da kaya. Jan Egeland, wanda ke jagorantar ayyukan jinƙai na Majalisar a lokacin, ya fito fili ya ce duniya ba ta farka ba sai da ta ga hotunan yara suna mutuwa, kuma kafin watan Agusta ya yi nisa an ɗaga abin da ake nema zuwa kimanin dala miliyan 81. Gani ya kori ji, in ji masu magana, kuma duk mai sukar kyamarar baƙo dole ne ya fara da yarda cewa dubban yaran Maraɗi da suka girma suka yi aure a yau suna cikin waɗanda wannan hoto ya ceta.

Matsalar tana cikin inda kyamarar ta tsaya da tsawon lokacin da ta yi a tsaye. Ayarin 'yan jarida da ke zuwa irin wannan aiki yakan sauka a otal a cikin birnin Maraɗi, ya yi kwana uku ko huɗu, kuma wurin da ya fi sauƙin samun abin da yake nema shi ne cibiyar ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wadda aka fi sani da MSF. A can akwai duk abin da allon talabijin ke so a wuri guda: rumfunan tamfol, iyaye mata zaune a kan tabarmi, ma'aikacin jinya yana zagaya damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launin kore da rawaya da ja, sikeli mai ƙugiya da ake rataya yaro a cikin wandon roba yana tsala ihu, da siririn bututun madara da aka liƙa wa jariri a kumatu ya bi ta hanci saboda ba shi da ƙarfin tsotso. Babu ƙarya a cikin ko ɗaya daga waɗannan hotuna, kuma MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara kaɗai, mafi yawansu a jihar Maraɗi, ta hanyar abincin nan na ƙullin gyaɗa da madara da ake kira Plumpy'nut, wanda ya ba uwa damar kula da ɗanta a gida maimakon ta kwanta asibiti ta bar gona da sauran 'ya'ya. Sai dai cibiyar jinya ita ce ƙarshen labari, wurin da sakamako yake taruwa, kuma wanda ya ɗauki ƙarshen labari ya tafi ba shi da abin da zai cike farkonsa da shi illa bayanin da ya zo da shi daga gida, wato fari da fara.

Wannan bayani bai dace da Maraɗi ba. Yankin da tamowa ta fi yi wa ɓarna shi ne kudancin jihar, ƙasar da ake kira rumbun Nijar, inda ruwan sama ya fi na arewa yawa kuma fara ba ta yi wata mummunar ɓarna ba, sannan hatsin da aka girbe a ƙasar baki ɗaya a 2004 bai gaza matsakaicin shekarun baya da wani kaso mai ban tsoro ba. Kasuwanni ba su rasa gero ba, kuɗin sayensa ne talaka ya rasa, domin buhun da ake sayarwa kusan jikka goma da kaka ya kai jikka ashirin da biyar zuwa talatin a tsakiyar damina, farashin dabbobin da makiyayi da manomi ke sayarwa su sayi hatsi kuma ya faɗi warwas. Hatsi yana bin farashi, kuma a wannan shekara farashin Najeriya ya yi sama, saboda haka hanyar da ta saba kawo masara da dawa daga kasuwar Dawanau ta Kano ta Katsina da Jibiya ba ta kawo sauƙin da aka saba ba, wasu ƙasashen maƙwabta kuma suka taƙaita fitar da nasu. A ƙarƙashin wannan akwai abubuwan da suka daɗe suna ci: gonaki sun tsuke saboda yawan jama'a da rabon gado, mata da yawa sun rasa gamana, wato ɗan filin da mace ke nomawa don kanta a gefen gandun mai gida, ƙaramin manomi yakan sayar da geronsa da arha da kaka don biyan bashi sannan ya sake saye da tsada da damina, ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, ga zazzaɓin cizon sauro da ke kama yara a daidai lokacin da rumbu ya zama fanko, ga kuɗin asibiti da ke hana uwa kai yaro da wuri. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka tsara a kan wannan shekara, wanda ya fito da Faransanci a 2007, ya tattara irin waɗannan bayanai, amma ya fito ne shekara biyu bayan kyamarori sun naɗe kayansu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ake iya ɗauka a hoto cikin kwana uku, domin bashi ba shi da fuska, kuma ana buƙatar a ga manomi ɗaya a watan Oktoba yana auna tiya yana sayarwa, a sake ganinsa a watan Yuli yana auna tiya yana saye, kafin a fahimci yadda ɗansa ya kai ga sikelin MSF.

Gwamnatin wancan lokaci ta ga wannan rauni, amma ta yi amfani da shi ta mummunar hanya. Shugaba Mamadu Tanja ya shaida wa BBC a watan Agustan 2005 cewa babu yunwa a Nijar, mutanensa kuma da alamar ƙoshi a jikinsu, ya zargi ƙungiyoyin agaji da kambama lamarin don neman kuɗi, alhali gwamnatinsa ta daɗe tana nacewa a kan sayar da hatsi da rangwame ga mutanen da ko kuɗin rangwamen ba su da shi, ba ta amince da rabon kyauta ba sai da abu ya ci tura. A watan Afrilun 2006 aka janye izinin wani ayarin BBC da ya koma Maraɗi don duba halin da ake ciki, a watan Yulin 2008 kuma aka dakatar da reshen Faransa na MSF daga aiki a jihar, har ya tattara ya bar ta kafin ƙarshen shekara. Akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin cewa an mayar da ƙasa mai mutunci hoton yaro mai ƙasusuwa, amma korar mai ɗaukar hoto ba ta ƙara wa yaro ko gram ɗaya ba. Abin lura shi ne, da sojoji suka kifar da Tanja a Fabrairun 2010, sabuwar hukumar Salu Jibo ta fito ta amsa cewa akwai yunwa, ta nemi taimako da wuri, kuma duk da cewa mutanen da matsalar ta shafa a wannan shekara sun ninka na 2005, agaji ya iso ba tare da an jira hoton gawa ba.

Akwai wani ɓangare da ba a cika tattaunawa ba, shi ne haƙƙin wanda aka ɗauka. A tarbiyyar Bahaushe babu addu'ar da ta fi ta rufin asiri yawa a baki, kuma ma'anarta ta farko ita ce kada maƙwabci ya san cewa ba a ɗora tukunya a gidan mutum ba, har ta kai mace takan hura wuta ta dafa tafasa ko anza don hayaƙi ya tashi a ga kamar lafiya lau. Uwar da ta kawo ɗanta cibiya ta riga ta sha ɗacin tona wannan asiri a gaban ma'aikatan jinya, sai kuma ga baƙo da tafinta suna tambayar ko ta yarda a ɗauke ta, a cikin rumfar da ake ba ɗanta madara kyauta, a gaban mutanen da ke ba shi madarar. Amsar da za ta bayar sananniya ce, domin a ganinta ƙin yarda butulci ne, watakila ma ya jawo a cire sunan yaron daga rajista, kuma sa hannu ko dangwala yatsa a kan takardar Faransanci ba ya mayar da wannan amsa yardar gaskiya. Ƙungiyar Save the Children ta wallafa wani bincike a 2017 wanda ya tambayi mutanen da aka taɓa ɗaukar hotonsu a Nijar da Bangladash da Jodan da Birtaniya, kuma abin da ya fito ya saɓa wa zaton masu kare su da masu amfani da su baki ɗaya: da yawa ba su ƙi a nuna wahalarsu ba idan hakan zai kawo taimako, amma suna so su yi magana da bakinsu, a nuna su suna ƙoƙari, su kuma ga abin da aka yi da hoton. Wannan buƙata ta ƙarshe, mafi arha a cikinsu, ita ce aka fi kasa biya, domin wanda zai dawo ƙauye da fim ya nuna wa mutanen da ke ciki sai wanda ya san hanyar ƙauyen ya kuma bar abokai a can.

Saboda haka maganar ta koma kan zama. Al'adar ƙasar ta riga ta tanadi tsarin da ya kamata mai kyamara ya shiga: baƙo yakan gaida mai gari, a ba shi mai masauki, wanda ke ɗaukar nauyin cinsa da kwanansa, yake kuma amsa laifinsa idan ya yi ba daidai ba, kuma ta bakin wannan mai masauki baƙo ke sanin gidan da maza ba sa shiga, da matar da ke takaba, da dattijon da ba a tambayarsa yawan damman da suka rage masa a rumbu. Ayarin da ya iso cikin farar mota mai tutar ƙungiya ya tsallake duk wannan, kuma tun kafin a sauke kaya ƙauyen ya riga ya fassara zuwansa da cewa masu rabo ne suka zo. Daga nan kowa yakan taka rawar da ya san ana so: a jera buhuna yadda tambarin mai bayarwa zai kalli kyamara, a tsayar da mata a layi cikin rana har haske ya yi daidai, a ce wa tsohuwa ta ajiye buhun ta sake ɗauka saboda na farko bai fita ba, tafinta kuma ya taƙaita doguwar amsarta a kan tsadar taki da bashin ɗan kasuwa ya mayar da ita kalmar godiya. Wanda ya zauna wata biyu ko uku, ya dawo da kaka ya sake dawowa da bazara, yakan kai lokacin da yara suka daina bin sa a baya, mutane kuma suka daina gyara zama idan ya ɗaga kyamara, kuma daga wannan lokaci ne aikinsa yake fara zama shaida. Gaskiya ne wannan yana da tsada, gidajen talabijin kuma ba sa biyan kuɗin jira, amma ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar masu fim haya suna da ma'aikata a waɗannan gundumomi shekara da shekaru, saboda haka uzurinsu bai kai na 'yan jarida ba.

Mai zama da ya sauka a gundumar Agiye zai ga abin da baƙin 2005 suka wuce ta gabansa a mota ba su lura ba. Tun wajajen 1983 manoman Maraɗi, tare da wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara barin tohon kututturen da ke gonakinsu suna sassabe shi da dabara maimakon su ƙone shi, kuma ƙauyen Ɗan Saga ya shahara da kwamitocin da suka kafa don tsare waɗannan itatuwa daga masu sara. An ƙiyasta cewa wannan aiki ya mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo da kalgo da sabara da aduwa, kuma a shekarar yunwa gidajen da ke da su sun samu itacen sayarwa da harawar dabbobi da ganyen miya. Wannan ma aikin rage masifa ne, har ya fi rabon buhu ɗorewa, sai dai ba shi da ranar ƙaddamarwa, kuma hotonsa na farko da ya ja hankalin duniya daga sama aka ɗauko shi.

Cadakori ta sake shiga lissafin masu agaji daga 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kora dubun dubatar mutane, akasarinsu mata da yara, zuwa ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar ba su kafa sansani irin wanda aka saba ba, suka zaɓi ƙauyuka uku da ke nesa da iyaka, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka tsugunar da baƙin a gefen mutanen gari don su yi tarayya a rijiya da makaranta da asibiti. Hotunan da aka fi gani daga wannan aiki su ne na motocin ɗaukar mutane da layin rajista da farin tamfol mai tambari. Amma kafin kowace ƙungiya ta iso, mutanen ƙauyukan iyaka ne suka buɗe zaurukansu suka raba ɗan abin da ke rumbunsu da waɗanda suka tsallako, waɗanda galibi harshensu ɗaya, wasu ma dangi ne ta aure ko ta kasuwa, kuma an yi wannan a tsakiyar lokacin da masu gidan kansu ke auna abin da zai kai su kaka. Fim ɗin da ya fara daga isowar farar mota ya yanke babi mafi muhimmanci, ya kuma koya wa mai kallo, har da mai kallo ɗan Maraɗi, cewa agaji abu ne da ke zuwa daga waje.

Yau kyamara ba ta baƙo kaɗai ba ce. A daminar 2024, wadda ambaliyarta ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma hotunan gidajen ƙasa da suka zube da na tsohon masallacin Damagaram da ya rushe a watan Satumba sun zagaya WhatsApp da Facebook daga wayoyin 'yan gari kafin wani wakili ya iso. Wannan ya zo a lokacin da ƙofar baƙi ke ƙara tsukewa, domin an dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, an kuma umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya ta bar ƙasar a Fabrairun 2025. Nauyin ya koma kan matasan yankin, kuma suna da abin da baƙo ke kashe wata uku yana nema, wato harshe da masauki da sanin wa ke bin wa bashi. Abin takaici shi ne wasunsu sun gaji mummunar ɗabi'ar ba tare da sun gaji ƙwarewar ba, kamar yadda ake gani a bidiyon masu neman mabiya da ke manna waya a fuskar marayu da marasa lafiya suna karanto lambar asusu, ko masu miƙa wa tsohuwa ƙullin shinkafa su sa ta yi ta addu'a har kyamara ta ƙoshi. Hoton da ɗan gari ya ɗauka ya ma fi na baƙo hatsari ta fuska ɗaya, domin na baƙo a London ake kallonsa, wannan kuwa yakan dawo wayar surukai da kishiya a ƙauyen tun kafin magariba. Ƙungiyoyin da har yanzu ke aiki a Gidan Rumji da Agiye da Gazawa za su fi cin riba idan suka karkatar da kuɗin kawo mai fim daga Turai zuwa horar da ma'aikatan gidajen rediyon karkara da 'yan sa-kan lafiya na ƙauyuka, mata musamman, tunda su ne ke shiga cikin gida, aka ba su aikin bin gidaje ƙalilan daga shuka zuwa girbi, da sharaɗin cewa duk abin da aka haɗa za a fara nuna shi a ƙofar gidan mai gari, masu fuskokin su yanke abin da za a cire, kafin a aika da shi Yamai ko Janiba.